Yadda Kiristanci ya tashi daga Yahudiya har ya mamaye Daular Rum

Tambaya: Malam, muna jin ana cewa Rumawa sun shafe shekara ɗari uku suna jefa wa zakoki Kiristoci. In haka ne, me ya hana addinin mutuwa, har ya zo ya zama na daular gaba ɗaya? Ko dai sarki Konstantin ne ya ɗora wa mutane shi da ƙarfin mulki?

Amsa: Zancen nan biyu da ka kawo kowanne da gaskiya a cikinsa, sai dai an ja su sun wuce tsawonsu. An kashe Kiristoci, wasu ma da mummunan kisa, amma kafin shekara ta 250 miladiyya babu wata doka da ta ce a bi su a faɗin daular. Fitinar takan tashi a gari guda, ta ci wasu mutane, ta lafa, a yi shekara ashirin ko talatin ba a sake jin ɗuriyarta a wurin ba. Shi kuwa Konstantin ya tarar da gini ya riga ya kai linta, rufi ya yi masa.

Rumawa sun shiga Urushalima a shekara ta 63 kafin miladiyya ƙarƙashin sarkin yaƙinsu Fompi. Da fari sun yi mulki ta hannun sarakunan gida irin su Hirudus, daga shekara ta 6 miladiyya kuma suka riƙa turo gwamnansu. Bilatus Babunti ya riƙe kujerar daga 26 zuwa 36, kuma a 1961 an tono wani dutse a Kaisariya ɗauke da sunansa da muƙaminsa. A zamaninsa ne Yesu, wato Annabi Isa a bakin Musulmi, ya yi wa'azinsa. Littattafan Kirista da marubucin tarihin Rumawa Tasitus sun ce Bilatus ya zartar masa da hukuncin kisa, wajen shekara ta 30 ko 33. Alƙur'ani kuwa, a Suratun Nisa'i aya ta 157, ya ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. Wannan saɓanin aƙida ne, ba shi ka tambaya ba. Abin da ya shafi tambayarka shi ne abin da mabiyan suka fita suna shela: an gicciye shi, ya tashi a rana ta uku. A kunnen Barume wannan magana ce mai muni, domin gicciye hukuncin bayi ne da 'yan tawaye. A wani bango a birnin Rum an samu zanen izgili na mutum mai kan jaki a kan gicciye, an rubuta a ƙasa cewa wani Aleksamenos na bauta wa allansa.

Mabiyan farko duk Yahudawa ne, suna zuwa Haikali, babban ɗakin ibadarsu a Urushalima, suna kiyaye Asabar. Matakin da ya buɗe ƙofa an ɗauke shi ne wajen shekara ta 48 ko 49, lokacin da jama'ar Antakiya, garin da aka fara kiran su Kiristoci, suka kai gardama Urushalima: wanda ba Bayahude ba in ya shigo, sai ya yi kaciya ya bi dokokin abinci na Attaura? Bulus, mai kai wa'azi ga waɗanda ba Yahudawa ba, ya ce a'a, Bitrus da Yakubu, jagororin jama'ar Urushalima, suka yarda bisa wasu 'yan sharuɗɗa. Kada ka raina wannan. A kowane babban gari na daular akwai majami'ar Yahudawa, a gefenta kuma akwai Girkawa da Rumawa da ake kira masu tsoron Allah, waɗanda tauhidin Yahudawa da ɗabi'unsu suka burge su, suna zuwa sauraron karatu, amma kaciya a girma ta gagare su, ga shi Girkawa na ɗaukarta abin kunya. Da aka ɗage sharaɗin, sai ga jama'ar da ta riga ta san labarin Ibrahim da Musa, tana karanta littattafan annabawa a fassarar Girkanci, tana jiran a ce mata bismillah.

Yadda Bulus yake aiki a bayyane yake cikin wasiƙunsa da littafin Ayyukan Manzanni. Ya zaɓi babban gari mai tashar jiragen ruwa ko wanda ke kan babbar hanya: Filibi da Tasalonika a kan titin Egnatiya, Koranti mai tashoshi biyu, Afisa. Ya nemi aikin ɗinkin tanti ya ci da kansa. Ran Asabar ya shiga majami'a. In aka kore shi, ya koma gidan wani mai hali da ya karɓi saƙon, kuma a al'adar lokacin in maigida ya karɓa, iyali da bayi da barori sukan bi shi. Ya naɗa masu kula, ya wuce gaba, sauran aiki wasiƙa ce ake kai wa hannu da hannu. Harshe ɗaya, Girkanci na kasuwa, ya ishe shi daga Siriya har birnin Rum. Mun san yana Koranti a 51 ko 52, domin an gurfanar da shi gaban gwamna Galiyo, wani rubutun dutse a Delfi kuma ya nuna shekarar da Galiyo ya yi gwamna. Wannan tsari na karɓar baƙi yana da ɓaraka: 'yan cuwa-cuwa. Shi ya sa wani tsohon littafin ƙa'idojinsu, Didake, ya ce baƙon mai wa'azi ya kwana ɗaya ko biyu, in ya kai uku ko ya nemi kuɗi, annabin ƙarya ne.

Shekaru talatin na farko hukuma ba ta bambanta su da Yahudawa, kuma wannan inuwa ce, domin Rumawa sun ɗauke wa Yahudawa bautar allolin daula saboda daɗewar addininsu. Abubuwa biyu suka yaye inuwar. A watan Yuli na 64 gobara ta tashi a birnin Rum, cikin unguwanni 14 huɗu kaɗai suka tsira, jita-jita ta ce sarki Nero ne ya sa, shi kuma ya ɗora wa Kiristoci. Tasitus ya ce an lulluɓe wasu da fatun namun daji karnuka suka yayyage su, an cinna wa wasu wuta suka haska dare. Abin bai fita daga birnin ba, amma ya bar tabo: sunan Kirista ya zama sunan mai laifi. Na biyu shi ne tawayen Yahudawa na 66, wanda ya ƙare da rushe Haikali a 70. Cibiyar Urushalima ta raunana, aka kuma ɗora wa kowane Bayahude harajin dirhami biyu a shekara. Daga nan rajistar haraji ta fara raba wanda yake Bayahude da wanda ba shi ba.

To me ya sa Rumawa, masu karɓar allolin kowace ƙasa da suka ci, suka ƙi wannan? Addini a wurinsu yarjejeniya ce tsakanin gari da alloli: mu ba ku hadaya, ku ba mu damina da nasarar yaƙi. Ba ruwan kowa da abin da ke zuciyarka, kai dai ka jefa turare a wuta. Wanda ya ƙi ya jawo wa gari fushin alloli, shi ya sa suke kiran Kiristoci marasa allah. Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya yi musu ba'a a 197 cewa in kogin Taiba na birnin Rum ya yi ambaliya, ko Nilu ya ƙi cika, sai a ɗau ihu a kai Kiristoci ga zaki. Ga kuma tsoron ƙungiyoyi. Sarki Tarajan ya hana a kafa ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta mutum 150 a Nikomidiya don kada ta rikiɗe ta zama ta siyasa. Wanda ya ƙi yarda da masu kashe gobara, ina zai saki jiki da masu taro kafin asuba a cikin gidaje, suna kiran juna ɗan'uwa da 'yar'uwa, ana raɗe-raɗin suna cin nama da jinin mutum?

Takardar da ta fi kowace bayyana yadda shari'ar take ita ce wasiƙar Filini Ƙarami, gwamnan Bitiniya da Fantus a arewacin Turkiyya ta yau, wadda ya aika wa Tarajan wajen 112. Ya ce bai taɓa halartar shari'ar Kiristoci ba, bai san ma me ake hukuntawa ba, sunan ne ko laifukan da ake jingina wa sunan. Gwamna guda, lauya gogagge, bai sani ba: wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ba aikin yau da kullum ba ne. Ga yadda ya yi. Ya tambayi wanda aka kawo ko shi Kirista ne. In ya amsa, ya sake tambaya karo na biyu da na uku tare da gargaɗin kisa. In ya kafe, a tafi da shi a kashe, in kuma yana da 'yancin ɗan ƙasar Rum, a rubuta sunansa a tura shi birnin Rum. Wanda ya musa, gwaji uku ne: ya kira sunayen alloli, ya miƙa turare da ruwan inabi ga siffar sarki, ya zagi Almasihu. Ya azabtar da kuyangi biyu masu hidima a ikilisiya, wato jama'ar Kiristoci, don ya ji sirri, bai samu komai ba sai cewa suna haɗuwa a wata tsayayyiyar rana kafin gari ya waye, su rera waƙa ga Almasihu, su yi alkawarin ba sata, ba zina, ba cin amana, daga baya su taru su ci abinci irin na kowa. Abin da ya dame shi yawa ne, har ƙauyuka: gidajen gumaka sun kusa zama kango, naman hadaya ya rasa masu saye.

Amsar Tarajan gajeriya ce, kuma ita aka bi fiye da shekara ɗari. Kada a neme su. In an kawo ƙara an tabbatar, a hukunta. Wanda ya janye ya yi hadaya, a yafe masa ko da a da Kirista ne. Takardar ƙara mara sa hannu kuwa a watsar. Ka lura da abin da wannan ke nufi a aikace. Sai wani ya fito da fuskarsa ya tsaya gaban gwamna, gwamnan da yake zagayen lardi ba kullum yake gari ba, kuma in ƙarar ta faɗi mai ƙara na iya shan hukuncin ƙazafi. Wanda ake tuhuma kuma yana iya rushe ƙarar da ɗan tsinken turare. Saboda haka kisa yakan zo ne inda talakawa suka harzuƙa gwamna ya biye musu: Folikaf bishop na Simirna wajen 155, Jastin a birnin Rum wajen 165, jama'ar Liyon a Faransa ta yau a 177, mutum 12 'yan Sili da aka sare a Kartaj ranar 17 ga Yuli 180, Fafetuwa da Filisiti a 203. Orijin na Iskandariya, wanda aka kashe mahaifinsa kan addinin, shi da kansa ya rubuta wajen 248 cewa waɗanda suka mutu kaɗan ne, ana iya ƙirga su.

Batun yawa kuwa, babu ƙidaya, ƙiyasi ne. Masana da dama suna sa mutanen daular wajen miliyan 60, Kiristoci kuma kusan kashi 10 cikin ɗari a shekara ta 300. Masanin zamantakewa Rodney Stark ya nuna cewa in aka fara da mutum 1,000 a shekara ta 40, ana ƙaruwa da kashi 40 cikin ɗari duk shekara goma, za a kai wajen 7,500 a 100, wajen 218,000 a 200, miliyan 6 da 'yan kai a 300. Lissafi ne, ba shaida ba, amma yana koyar da abu guda: ba a bukatar dubbai su tuba rana ɗaya. Ya isa jama'ar mutum ɗari ta ƙaru da uku ko huɗu a shekara, maƙwabci, suruki, abokin sana'a. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Wanda ya shiga bautar Isis ko Mitra ƙari ya yi a kan allolinsa, wanda ya zama Kirista kuwa ya bar sauran duka. Kowane mutum ɗaya riba ce a nan, hasara a can.

Me ke riƙe su in sun shigo? Shigar ma da wuya: a bincika sana'arka, mai sassaƙa gumaka ko mai wasan dambe da takobi sai ya bari, a koyar da kai har shekara uku a wasu wurare kafin baftisma. Amma wanda ya shiga ya samu dangi. Wasiƙar Karniliyas bishop na birnin Rum ta 251 ta lissafa firistoci 46, dikinoni, wato masu hidimar ikilisiya, 7, mataimakan dikinoni 7, da gwauraye mata da mabukata sama da 1,500 da ikilisiyar ke ciyarwa. Suna da asusu na karo-karo don binne matalauta, renon marayu da kula da waɗanda ke kurkuku. Sun haramta jefar da jarirai, abin da doka ta halatta a lokacin. Annoba biyu, ta 165 da wadda ta ɓarke wajen 250, sun fito da bambancin fili: inda mutane ke gudu su bar majinyaci, su suna zama su ba shi ruwa da abinci, kuma ko babu magani wannan kaɗai na ceton wasu. Maƙiyinsu Selsus ya raina su da cewa addinin masaƙa ne da dukawa da masu wanki, mata da yara. Ya yi ƙarin gishiri, domin Markiyon, mai jiragen ruwa, ya ba ikilisiyar Rum sastas, kuɗin Rumawa, 200,000, alhali albashin soja a shekara 1,200 ne. Da suka saɓa kan aƙida a 144 suka mayar masa da kuɗinsa.

Shekara ta 250 ce ta sauya salo. Daula na cikin ruɗani, yaƙi a kan iyakoki, sarakuna na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, sai sarki Dishiyas ya umarci kowa da kowa ya yi hadaya. An kafa kwamiti a kowane gari da ƙauye. Mutum ya zo da takardar roƙo, ya tsiyaye ruwan inabi, ya yi yanka, ya ɗanɗani naman a gaban 'yan kwamiti, su sa hannu cewa sun gani, a rubuta kwanan wata. An samu irin waɗannan takardu sama da 40 a rairayin Masar, duk na watannin Yuni da Yuli na 250. Wannan sarki shi ne Dikyanusu da malaman tafsiri da dama ke ambata a ƙissar Ashabul Kahfi, Kiristocin Siriya ma suna da labarin samarin Afisa da suka ɓuya a kogo a zamaninsa.

Nan ne ikilisiya ta sha kashi, ba ta yawan gawa ba, ta yawan masu ja da baya. An kashe Fabiyan bishop na Rum a watan Janairu, amma a Kartaj mutane suka yi tururuwa zuwa hadaya har dare ya yi ba a gama da su ba, a Simirna bishop ɗin kansa ya yi yanka. Wasu suka ba da cin hanci suka sayi takardar ba tare da sun yi ba. Dokar ta mutu da mai ita, domin an kashe Dishiyas a yaƙi da Gotawa a 251, ga shi ba wanda ke iya bin miliyoyin takardu. Sai rigimar cikin gida ta taso: a karɓi waɗanda suka faɗi? Nobatiyan, wani firist na birnin Rum, ya ce har abada a'a, ya ɓalle da mutanensa. Sifiriyan bishop na Kartaj da taron bishop-bishop suka raba: mai sayen takarda a karɓe shi bayan tuba, wanda ya yi yanka sai a bakin mutuwa, daga baya ma aka sassauta. A ganina wannan hukunci ya fi labaran shahidai tasiri a kan makomar addinin, domin ya hana shi zama ƙungiyar 'yan tsirarun masu tsauri, ya kuma tattara ikon yafewa a hannun bishop.

Sarki Baleriyan ya gwada wata dabara a 257 da 258, ya nufi shugabanni da dukiya, aka sare Sifiriyan. Farisawa suka kama Baleriyan a 260, ɗansa Galiyenus ya mayar wa Kiristoci wuraren ibada da maƙabartu. Aka samu shekara arba'in na lumana. Irin wurin ibadar wancan ƙarni an tono shi a Dura-Yurofos, bakin kogin Furatu a Siriya: gida ne na zama, aka rushe bango tsakanin ɗakuna biyu ya ɗauki mutum 60 zuwa 70, wani ɗakin aka gina kwamin baftisma. Kafin 303 kuwa majami'ar Nikomidiya ana hango ta daga fadar sarki.

Ita sarki Diyokilishiyan ya fara rushewa ranar 23 ga Fabrairu 303. Dokoki huɗu suka biyo: a rushe majami'u a ƙone littattafai, a kama shugabanni, a tilasta musu hadaya, a 304 kuma kowa da kowa. Wannan ce fitina mafi tsanani, musamman a Masar da Falasɗinu, har yau Kibɗawa daga 284, shekarar hawansa, suke ƙirga kalandarsu ta shahidai. Amma aiwatarwa na hannun masu mulkin yankuna. A Faransa da Birtaniya, Konstantiyus mahaifin Konstantin gine-gine kawai ya taɓa. A Afirka ta Arewa wani bishop ya miƙa littattafan likitanci a madadin nassi. Jerin kayan da jami'ai suka kwashe a majami'ar Sirta, a Aljeriya ta yau, yana nan: kofunan zinariya 2, na azurfa 6, rigunan mata 82, na maza 16, takalman mata ƙafa 47. Rumbun sadaka suka fasa. A watan Afrilu na 311 sarki Galeriyus, wanda ya fi kowa zafi a kansu, yana kwance cutar ajali ya janye dokar, har ya nemi su yi masa addu'a.

Konstantin ya ci yaƙin gadar Milbiya ranar 28 ga Oktoba 312, ya jingina nasarar ga Allahn Kiristoci. A 313 shi da Lisiniyus, abokin sarautarsa, suka amince a Milan kowa ya bi addinin da yake so, a mayar da dukiyar da aka ƙwace. Ya gina manyan majami'u, ya ɗauke wa limaman Kirista nauyin hidimar gari, ya ba bishop-bishop ikon yanke wasu shari'u, ya mai da Lahadi ranar hutu a 321, ya tara taron Nikiya a 325. Bai haramta bautar gumaka gaba ɗaya ba, shi kansa sai a 337, dab da mutuwa, aka yi masa baftisma. Tasirinsa babba ne: masu neman muƙami da manyan attajirai suka fara kwararowa. Amma mai da addinin na daula aikin sarki Tiyodosiyus ne a 380, hana hadaya kwata-kwata kuma a 391 da 392. A tsakani sarki Juliyan, daga 361 zuwa 363, ya yi ƙoƙarin farfaɗo da tsohon addini, ya rubuta wa wani babban limamin gumaka yana ƙorafin cewa Galilawan nan, wato Kiristoci, suna ciyar da matalautansu har da namu.

In kana son gwada ko ƙarfin Kaisar kaɗai ne, dubi inda ikonsa bai kai ba. A Daular Farisa ikilisiya ta yaɗu ba tare da goyon bayan sarki ba, ta kuma jure kisan da Shafur na Biyu ya fara wajen 340 bisa zargin cewa 'yan koren Rum ne. A Habasha, Furumantiyus, yaron da aka kama daga wani jirgin fatake a Bahar Maliya, shi ya kai addinin fadar Aksum, sarki Ezana ya karɓa a tsakiyar ƙarni na huɗu, ya cire alamar jinjirin wata da faifan rana daga kuɗinsa ya sa gicciye. Wannan masarauta ce Sahabbai suka yi hijira zuwa cikinta wajen 615, suka tarar da Najjashi Kirista a kan gado.